Ranar da Kilishina Ya Tashi Sama a Sabo

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya daga Kano, ni da ƙanin matata wanda muke sana'a tare shekara da shekaru. Kayanmu ba su da yawa, amma suna da nauyi: buhun ƙuli-ƙuli, ƙullin kayan yaji, da wuƙaƙena guda uku naɗe cikin tsohon zani. Direba ya ɗaga buhun ya tambaye ni ko duwatsu zan kai wa Yarabawa. Na ce ya ajiye a hankali, abin da ke ciki ya fi tayoyinsa daraja.

Masu bibiyata sun san kilishi ne sana'ata, sun kuma san ba na raina kaina a kanta. Biki ne ya ɗaga ni zuwa Ibadan. Yayana ya haura shekara talatin a unguwar Sabo yana harkar goro, can ya yi aure, can ya haifi 'ya'yansa. Babbar 'yarsa, malamar makarantar sakandare, ita za a aurar kafin azumi, kuma angon Bayarabe ne, ɗan gidan mutunci daga wajen Bodija. Da na kira ta na tambayi abin da take so in kawo mata, sai ta ce ba ta son atamfa, ba ta son kwanuka. Kilishi take so, na hannuna, a sa a cikin garar da za a kai gidan surukanta, su san gidan da ta fito ma yana da abin nunawa. Har ta riga ta cika musu baki a kaina. Yaya ya ce in yi a Kano in ɗauko, ni na ƙi. Na ce kilishin da ya kwana biyu a bayan mota yana shan zafin inji ba nawa ba ne, a tanadar min nama a can in zo in yi a gabansu. Duk abin da ya biyo baya, da bakina na jawo shi.

Hanya ta yi mana kyau har Kaduna. Kuɗin mota dai ba a magana, kowa a cikin motar sai da ya ba da labarin abin da ya biya shekarun baya, ya yi tsaki, ya gyara zama. A Lambata muka tsaya cin abinci, na samu tuwon shinkafa da miyar taushe mai zafi, abokin tafiyata ya sayi rake ya addabe mu da tsotso har Bida. Daga nan ne hanya ta fara nuna hali. Tankoki a jere kamar an ɗaure su da igiya ɗaya, ga ramuka, ga wuraren da ruwa ya cinye gefen kwalta ya bar kwalbati a tsaye ita kaɗai. Direba ya ce aikin daminar da ta wuce ne, kuma wasu wuraren a rana ɗaya ruwa ya yi musu haka. Na ji shi, amma hankalina yana kan soyayyen kifin da ake miƙo mana ta taga a Jebba. Na ci biyu, ban yi nadama ba.

Muna haye kogin Kwara iska ta sauya. Gumi ya fara zuwa mai danƙo, irin wanda ba ya bushewa ko an buɗe gilashi. Itatuwa suka ƙara tsawo da duhu. A Ilori muka kwana, washegari da hantsi muka wuce Ogbomosho da Oyo, sai ga Ibadan ta bayyana a kan tuddanta, rufin kwano mai tsatsa iya ganinka. Ban taɓa ganin gari mai faɗin nan ba. Muka shiga ɗaya daga ƙananan tasin garin, mu shida a motar da ta dace da mutum huɗu, gwiwata tana gaisawa da haɓata har Mokola.

Daga Mokola ka taka kaɗan ka shiga Sabo, nan take kunnenka ya huta. Sallama ta ko'ina, ƙamshin tsire da masa, masu canji suna kiran mutane, karatun allo yana tashi daga wani zaure. Sai dai Hausar samarin wurin sai ka kasa kunne sosai. Za su fara maka da Hausa, su ratsa ta Yarabanci, su sauka a Turancin buroka, duk a numfashi ɗaya. Yaya ya rungume ni a ƙofar gida har hulata ta faɗi. Amarya ta fito da gudu tana cewa, "Baffa, ekabo, sannu da hanya. Wuƙaƙen sun zo, abi?" Ta tambayi wuƙaƙe kafin ta tambayi iyalina, kuma hakan ya yi min daɗi ƙwarai.

Ranar Talata muka shiga kasuwar Bodija neman albasa da citta. Na ɗauka zan sha wahalar ciniki, sai na tarar da layin albasa kamar an ɗauko shi daga arewa an dasa. Wani Basakkwace da ya ji abin da zan yi ya zaɓo min da hannunsa, ya ƙara min kan cewa in aiko masa da ɗanɗano. A hanyar dawowa yaya ya ce sai mun ci amala, tuwon garin doyar Yarabawa, a Mokola. Aka zubo mana shi baƙi sumul, da miyar wake da ta lalo a haɗe, da yaji mai sa mutum tuna zunubansa. Abokin tafiyata ya fara da ɗan yatsa ɗaya yana yatsina, ya ƙare da neman ƙari.

Laraba da sassafe aka yanka bijimin da yaya ya saya, aka ware min tsokar cinyoyi da ta gadon baya. Sabo a cushe take, babu filin shanya, don haka aka roƙa mana saman benen maƙwabta, wanda aka zuba wa kankare ba a ɗora hawa na gaba ba. Can muka jera gadajen kara. Na zauna na fara yanka naman fale-fale, mutane suka hau kallo. Idan na ɗaga guda a rana har inuwar hannuna ana gani ta cikinsa, sai a yi ta salati. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Tsarin da na yi shi ne naman ya sha rana Laraba, Alhamis in tsoma shi a labu, wato kwaɓin ƙuli da kayan yaji, in sake shanyawa, Juma'a in gasa, Asabar a kai gara.

A ƙasan benen akwai wata dattijuwa Bayarabiya mai bandar kifi, kowa Mama yake ce mata. A Sabo ta girma, Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yan yaya. Tun ranar farko muka ƙulla wasa. Ita ta ce namana takarda ce aka shafa wa yaji, ni na ce kifinta gawayi ne mai ido.

Alhamis da hantsi muka tsoma naman duka a labu muka baza. Zafin ranar nan daban yake, ko ganye ba ya motsi. Bayan azahar Mama ta leƙo daga ƙasa tana fifita da murfin kwali.

"Mala, ka sauko da namanka. Wannan zafin ba na banza ba ne."

Na ce mata, "Mama, ki kula da gawayinki. Watan nan na rani ko tsuntsu ya san ba a ruwa."

Ba a jima ba amarya ta hawo da wayarta a hannu. "Baffa, wayata ta nuna ruwa da yamma, da iska sosai. Oya mu kwashe, ko rabi ne."

A nan na yi abin da duk wanda ya tashi a wajenmu zai yi. Na miƙe na juya gabas, na kare ido da tafin hannu. Mu hadari daga gabas yake taso mana. Zai haɗu ya yi baƙi, ya turo iska mai sanyi, ya ba ka lokacin kwashe shanya har ka kora awaki. Tun ina yaro da haka nake aiki. Na duba gabas na gan ta fes, ko ɗigon gajimare babu. Na ce wa amarya ta je ta ji da ƙunshinta, wayar da aka ƙera a ƙasar da ba su san kilishi ba ba za ta koya min shanya ba. Ta juya ta sauka, don ni baffanta ne. Na sauka na tafi sallar la'asar hankalina kwance, ban waiwaya kudu ba ko sau ɗaya.

Muna raka'a ta uku na ji ƙofar masallaci ta bugu. Kafin liman ya sallame gari ya yi duhu, mata a waje suna kiran "ojo, ojo", wato ruwa da Yarabanci. Na fito ba takalmi. Hadarin ta bayana ya zo, ta kudu maso yamma, baƙi ƙirin kuma ƙasa-ƙasa, gabas kuwa har lokacin da sauran haskenta. Iskar da ta riga shi isowa ban taɓa jin irinta ba. Kwanon rufi yana ɓallewa yana wucewa ta saman kanmu, rumfunan masu shayi suna kifewa.

Ina isa bakin layi na ɗaga kai, na ga gadon kara guda ya tashi daga saman benen yana juyi. Sai na biyu. Kilishina ya watsu a sararin Sabo, ja-ja, fale-falen nan da nake taƙama da su su suka ba shi sauƙin tashi. Wani ya manne a wayar lantarki, wani ya sauka a rufin masallaci, wani ya lafe a gilashin wata tasi, direban ya fito da hannu ya ɓamɓare ya kai baki bai ko tsaya ba. Yanzu ina ba da labarin ina dariya. A lokacin kuwa fuskar yarinyar nan kawai nake gani a gaban surukanta.

Da na hau benen na tarar da abokin tafiyata kwance rub da ciki a kan gadaje biyu ya danne su da jikinsa. Amarya da ƙawayenta suna tara nama a cikin zannuwa, ƙunshin da aka fara yi mata yana narkewa yana bin hannunta. Sai ruwan ya sauko gaba ɗaya kamar an kifar da randa. Bai kai awa ɗaya ba, amma kwatocin layin suka cika suka tumbatsa, ruwa ya shiga shaguna har gwiwa, wata tsohuwar bishiya ta faɗi ta tare hanyar Mokola. Allah ya tsare, ba a rasa rai a unguwar ba, amma gidaje da dama sun kwana babu rufi.

Muka tara abin da ya rage a tsakar gidan yaya. Ya jiƙe sharkaf, labun ya wanke, ga shi ba wata rana da za a jira. Naman da ya sha ruwa haka idan ya kwana ya tafi. Na zauna a kan turmi. Kunya ta hana ni kallon amarya.

Sai sallama ta fara shigowa. Wani tela ya zo da faranti, ya ce wannan a barandarsa ya sauka. Ladan ya aiko da na rufin masallaci. Wata mata daga can ƙarshen layi ta kawo a cikin roba, ta ce guda ɗaya dai mijinta ya riga ya ɗanɗana, a yafe masa. Mutanen da rufinsu ya yaye suna tafe suna kawo min nama. Wanda ya taɓa ƙasa muka ware, wanda ya faɗa kan kwano muka ɗauraye. Da aka haɗa duka, kusan kashi biyu cikin uku ya dawo hannu.

Mama ce ta shigo ƙarshe, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Na jira gori, na san na cancanta. Ta ce, "Mala, tashi. Wuta tana yin abin da rana take yi."

Na ce, "Mama, a bandar kifi? Ƙarni zai kama shi."

"Ina da sabon durom da ban taɓa sa wa kifi ba, da sabuwar raga. Ka fi son ƙarni ko ka fi son tsutsa?"

Na tashi. Bandar tata durom ne aka yanke, aka jera ragar waya hawa-hawa a ciki, garwashi a can ƙasa, buhu a rufe a sama. Na kwaɓa sauran ƙulin da ya rage, muka sake tsoma naman. Na kai hannu zan ƙara itace ta doke min hannu, ta ce harshen wuta ba ya shiga nan, zafi kawai ake so. Ta watsa ɓawon lemo a kan garwashin. Shekara ashirin da wani abu ina wannan sana'a, ranar nan na koma mai miƙo raga, ana ce min juya in juya. Kafin isha'i naman ya tsane ya tsira, da safe muka ƙarasa.

Juma'a da hantsi ina gashin ƙarshe, amarya ta zo ta zauna kusa da ni an sake mata ƙunshi, hannuwa a sama. Na ce mata ta yafe min. Ta ce ba komai, ita ma wayar takan yi mata ƙarya wani lokaci. Na tambaye ta yadda aka yi ruwa irin wannan ya zo a watan da ba nasa ba. Ta ce ruwan farko a nan yakan leƙo da wuri tun da can, ƙarfin ne yake sauyawa.

"Baffa, teku yana nan kudu da mu, ba nisa. Duniya tana ƙara ɗumi, tekun ma haka. Ka ga tukunya idan ka ƙara mata wuta, tururi ya fi tashi, ko? Iska mai zafi kuma ta fi ɗaukar ruwa. Sai ta tara ta tara, ranar da za ta sauke ta sauke gaba ɗaya. Ba zan rantse cewa ɗumin nan ne ya kawo ruwan jiya ba. Amma masana suna cewa in zafin ya ci gaba, irinsa zai riƙa zuwa da ƙarfi fiye da haka."

Yaya yana gefe yana yayyafa wa goronsa ruwa. Ya ce shi bai yi boko ba, amma a shekarunsa na farko a Sabo bai san ana ɗaure rufi da waya ba, yanzu kuwa duk mai hankali ya ɗaure nasa. Na tambayi amarya ko abin na kudu ne kawai. Ta girgiza kai ta ce har mu na arewa, kuma gidajen ƙasa sun fi na bulo jin jiki.

Kilishin ya fito da duhu fiye da nawa na kullum, da ƙamshin hayaƙi da ɗan ɗacin lemo can ƙasa. Raina bai kwanta ba har aka ɗauki gara ranar Asabar. Matan da suka kai suka dawo suna guɗa. Suka ce uwar ango ta gutsura, ta sake gutsura, sannan ta sa aka shige da kwandon ɗakinta ta kulle, ta ce baƙi su ci cincin. Da yamma a wajen walima, ga kalangu ga gangar Yarabawa suna amsa wa juna, amarya ta aiko a kira ni. Ta kama hannuna a gaban dangin mijinta ta ce, "Wannan ne baffana da na gaya muku." Na yi ƙwalla, ban kuma ɓoye ba. Mama tana can cikin mata da ƙaton ɗaurin kai, tana sanar da duk mai kunne cewa ita ta koya wa Bakano kilishi. Ban musa ba.

Litinin muka juyo. A hanya na riƙa kallon wuraren nan da ruwa ya cinye, wannan karon da idon wanda ya ɗanɗana. Tafiyar ta koya min cewa abin da na sani game da sama gaskiya ne, amma na garinmu ne, kuma na lokacin da aka koya min ne. Ta koya min in saurari mai waya da mai fifita da kwali, ko da na girme su ko na raina sana'arsu. Ta kuma nuna min unguwar da mutum zai bar rufinsa a yaye ya kawo wa baƙo namansa.

Mun iso Kano Talata da yamma, gari a bushe ƙayau. Na wuce gidan mahaifina kai tsaye. Shi ya koya min sana'ar, kuma har yau idan damina ta kama, shi nake tambaya da safe ko in shanya. Na ba shi labarin duka ban rage ba, na miƙa masa guntun da na ɓoye masa. Haƙora sun ƙare, sai ya sa a baki yana tsotsa.

"Hayaƙi ya yi yawa," in ji shi.

Na ce haka ne, Baba.

Sannan ya ce, "Daminar bara sau biyu na ce ka shanya, ruwa ya dake ka. Ba ka ce min komai ba, na san ka ɗauka tsufa ne. Ni ma na ɗauka idona ne ya tafi." Ya juya guntun kilishin a hannunsa. "Wannan durom ɗin na matar, hawa nawa ka ce ragar take?"